Shokazobar Shekari

Shokazobar motar Shekari ta daɗe tana yoyo. Motar sai tsalle take a hanyar Kakau kamar akuya, amma kullum cike take da mata masu tsohon ciki.

"Kawo ta gareji, ba aikinka ba ne," in ji Cyril bakanike.

Tausayin matan ya hana Shekari jiran layi. Ya wuni a ƙarƙashin motar da sifana, ya sa sabuwar shokazoba, ya fito da fasasshen yatsa. Mota ta daina girgiza.

Sati biyu ba mace ko ɗaya. Ya je wurin Mama Philomena, ungozomar da ke turo su.

"Mama, na gyara ta fa."

"Na ji," ta ce. "Mata uku watansu ya wuce, naƙuda shiru. Je ka mayar da tsohuwar."