Matar da Renato ke Durƙusa wa

"Wai ita Marisel ba ta kishi ne?"

Yaya Luz 'yar garinsu ce ta yi tambayar daga kujerun baya, da muryar da ita a ganinta raɗa ce. Mijinta Boyet ya ce, "Kishin me? Ai ta san ba ta kama ƙafarta a kyau ba." Suka fashe da dariya har wata tsohuwa ta waiwayo ta harare su. Marisel ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara danne jakarta a cinya.

Ba ta daɗe da baro garinsu Iloilo ta biyo mijinta Renato nan ƙasar waje, garin Tokushima, ba. Da rana yana masana'antar kifi, da yamma yana wannan ƙaramin gidan wasa, aikin da ba wanda ya sa shi. Tun ranar da ta sauka suna ɗaya take ji a bakinsa, Chiyono. Chiyono ba ta son rana. Chiyono ba ta son danshi. Ba a taɓa Chiyono da hannu mai ƙarni, shi ya sa yake dirje tafukansa da lemun tsami har fata ta saɓule kafin ya fita. Ita kuwa Marisel da ƙarnin yake taɓa ta.

Ran nan ta tsinci dogon gashi baƙi wuluk a hannun rigarsa. Ya ce, "Nata ne," ko kunya babu, ya karɓa ya naɗe a takarda.

Yau ce ranar farko da za ta gan ta. 'Yan garinsu ne suka shirya fitar, wasa tukuna, sannan rawa.

Aka ja labule. Ga ta nan, 'yar ƙarama, fuska fara sol, riga mai launin makuba tana jan ƙasa. An ce ta girmi kowa a gidan, amma ko tamoji ɗaya babu. Ko maganar ma ba ta wahalar da bakinta; wani tsoho ne a gefe yake rera abin da ke ranta, wani na kaɗa masa wani abu mai tsirkiya kamar molo. Maza uku ke kewaye da ita. Na ukun, mai baƙaƙen kaya har fuska a rufe, a durƙushe yake a bayanta yana riƙe da gefen rigarta, duk inda ta nufa ya bi da gwiwa. Al'adar gidan ita ce a yi kamar ba a ga mai baƙin kaya ba. Marisel kuwa shi kaɗai take gani. Ta san kafaɗun nan.

Da Chiyono ta sunkuyar da kai ta ciji hannun rigarta don baƙin ciki, mata suka shiga share hawaye. Marisel ta ga yadda Renato ya gyara mata rigar a hankali, kamar mai tsoron tayar da jariri. 

Gidan rawar a ƙarƙashin ƙasa yake, makaɗan duk 'yan gida ne. Aka cika tebur da gasasshiyar kaza da kwalabe. Yaya Luz ta ja wa Marisel jar rigar da ta ara mata, ta ce, "Ƙanwata, ɗago ƙirji mana! Kina zaune kamar wadda aka kawo asibiti."

Renato bai iso ba sai da kaza ta huce. Boyet ya ce, "Ango ya iso! Chiyono ta yi barci?"

"Rufe mana baki, Yaya," in ji Renato yana dariya.

Aka sako waƙa mai sanyi. Ya miƙo wa Marisel hannu. Tun bikinsu bai yi rawa da ita ba. Ta tashi, ya riƙe ƙugunta, ta kwantar da kai a ƙirjinsa. Sai ga wasu samari sun sauko daga matakala suna kakkaɓe lema.

Ta ji jikinsa ya sandare. "Ruwa ake? Taga! Na bar tagar ɗakinta a buɗe."

Ya sake ta a tsakiyar fili. Boyet ya ɗaga kwalba ya ce, "A gaida mana ita!"

Marisel ba ta koma tebur ba. Ta bi shi cikin ruwan, takalma a hannu, har ƙofar baya ta gidan wasan. Da ta leƙa ɗakin, ya riga ya rufe tagar. Chiyono na kusurwa da rigar ɗazu, idonta a kan ƙofa. Renato ya sa bayan hannu a kumatunta yana cewa ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri, laifina ne."

Ya juyo ya ga matarsa, ruwa na zuba daga gashinta. "Ke kuma fa, Sel? Tsaya nan, kar ki matso kina ɗiga. Bari in samo tawul."

Zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

"Feshi ya taɓa mata gashi," ya ce, ya fita da sauri.

Suka rage su biyu. Marisel, wadda ko kaza ba ta iya yi wa tsawa, ta taka har gabanta. Matar ba ta kau da ido ba, ba ta ko ƙifta ba, ɗan murmushin nan na wurinsa. Marisel ta ɗaga hannu ta sharara mata mari har yatsunta suka yi tsami.

Ta riga ta ƙudurta cewa ko Yaya Luz ba za ta taɓa jin wannan ba, tun kafin ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta ɗauko kan Chiyono na katako da ya cire ya gangara, ta goge shi da busasshen gefen rigarta, ta mayar da shi a wuyan 'yartsanar.