Wanda Ya Riƙe Gwiwar Hannuna

Ina ɗaukar hoton wani kifi a ɗakin injin tsohon jirgin da ya nitse a tafkin Huron, sai ƙafata ta shuri ƙasa. Laka ta tashi, ko tafin hannuna ba na gani.

Yayana Corwin, wanda muka shiga nutson tare, ya sha gaya mini: in ruwa ya dagule, na gaba ya kama igiya, na baya ya riƙe gwiwar hannunsa, kuma ba a barin abokin nutso. Na lalubo igiyar da ke nuna hanyar fita. Can na ji an riƙe gwiwar hannuna, na ce a raina Corwin ne. Na matsa hannun, shi ma ya matsa nawa.

Iskar tukunyar numfashina ta kusa ƙarewa, ga shi da nauyin tsiya. Idona na kan ma'aunin iska, ban waiwaya ba har na jawo shi bakin tsanin kwalekwalenmu.

Ina hawa, sai ga Corwin zaune yana shan kofi, gashinsa a bushe.

"Sarkin tsoro, kin daɗe," in ji shi. "Ciwon kunne ya hana ni sauka ƙasa. Ba ki ga na juya ba?"

A bayana, tsanin ya yi ƙara. Wani ya fara hawowa.