Izinin Lilon Sama

Tun daga bakin ƙofa Alhaji Sabitu yake zagi. Ya kwaso iyalinsa daga Kurfi kashegarin Sallah saboda sabon filin wasan yara da ke bayan garin Dutsin-Ma, wurin da bai taɓa takawa ba sai yau. Tikitocin ma a ofishinsa ya tsince su cikin kayan gaisuwar Sallah, bai ko tambayi wanda ya aiko ba.

Ashe tikitocin na shiga ne kawai. Kowane lilo da kuɗinsa, ruwan leda ya ninka sau uku, inuwa kuwa bishiyar dalbejiya ɗaya ce, mutane sun fi ɗari a ƙarƙashinta. Motocin yara biyu ne ke aiki. Jirgin ƙasan da aka yi ta tallarsa a rediyo yana ajiye babu taya.

Matarsa Rekiya ta ce su koma gida. 'Yan matansu biyu, Batula da Hafiza, suka kafe sai sun hau ƙaton lilon nan mai juyawa sama kamar tayar keke. Awa biyu suka yi a layi, ana turereniya, ana take ƙafafu.

A zagaye na uku wani ƙarfe ya yi ƙara. Lilon ya tsaya cak. Kujerar da yaran ke ciki ta ɓalle ta gefe guda, ta karkace a can ƙololuwa, Batula na riƙe da ƙanwarta da hannu ɗaya.

Sai da aka aro tsanin masu gyaran wuta aka sauko da su. Hafiza lafiya lau. Hannun Batula ya karye.

Sabitu ya shaƙe wuyan rigar manajan wurin, wani ramammen mutum mai suna Abdullatif.

"Wane marar imani ya ba ku izinin ɗora 'ya'yan mutane kan wannan ruɓaɓɓen ƙarfe?"

"Alhaji, don Allah mu shiga daga ciki mu yi magana."

"Babu inda za ni! Nan za ka faɗa, gaban kowa."

Iyaye suka kewaye su. Wasu sun tsinci duwatsu. Sabitu ya hau kan benci, ya nuna musu ƙusoshin da tsatsa ta cinye, ya nuna waldar da makaho ma zai gane ta bogi ce. Ya san ƙarfe, kowa ya ga haka, shi ya sa suka yi tsit suna saurarensa. Ya ce duk wanda ya duba wannan abu ya ce lafiya yake, mai kisan kai ne. Ya rantse sai ya ga mutumin a gidan yari, ko ɗan waye.

"A kawo takardar izinin!" jama'a suka ɗauka. "A kawo ta!"

Abdullatif ya sake dubansa, duban roƙo. Sabitu ya tofar da yawu a gabansa.

Manajan ya shiga ofis, ya ciro takardar daga bango har da gilashinta. Hannuwa da yawa suka miƙo, amma Rekiya ce ta riga kowa, mayafinta duk ƙura, kukan Batula na tashi a bayanta.

"Karanto mana sunansa, Hajiya!" in ji Sabitu daga kan benci.

Takardar ta ce jami'in gwamnati mai ba da izini ya zo da kansa, ya duba kowane ƙarfe da idonsa, ya tabbatar babu haɗari. Rekiya ba ta buƙaci karanta sunan ba. Shekara goma sha shida tana ganin wannan sa hannun, na mutumin da ke tsaye kan benci.