Lamba Shida a Gindin Tagulla

Ta ajiye abin a kan tebur, ta warware tsumman da ta naɗe shi da shi. Tagulla ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, da ɗan bututu a gefe guda. Tsufa ya sa ta yi kore-kore a lunguna.

Tsohon da kowa ke kira Injiniya ya ɗago kai daga rediyon da ya farke wa ciki. Gabansa gwangwanayen madara ne cike da kusoshi, bayansa agogon bango uku, kowanne da lokacin da ya tsaya.

"Baiwar Allah, me ke tafe da ke?"

"A cikin kayan mahaifina na samu wannan. Ina so in san mene ne."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi.

Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

Ya juya abin a tafinsa, ya auna nauyinsa, ya kai hanci ya shinshina. "Kananzir," ya ce. "Ya daɗe, amma yana nan. In dai zinariya kike sa rai, gara in faɗa miki tun yanzu, ki sha ruwa ki kwantar da hankalinki."

Ya yi dariyar abinsa shi kaɗai. Ita kuwa ƙuda take kallo yana yawo a bakin kofin shayi.

Ya shiga lalube a cikin tarkace yana neman gilashin ƙara girma. Ta ɗaga wata tsohuwar jarida da yatsa biyu, ga shi a ƙarƙashi, ta tura masa.

Ya ɗiga man inji a gindin tagullar, ya dirje da tsohon buroshin haƙori. A hankali dattin ya saki. Wasu ƙananan haruffa suka fito, sai lambobi shida a jere, na ƙarshen ya kusa shafewa.

"Yawwa. Wannan lambar rajista ce. Idan mutum ya ƙirƙiro abu, hukuma kan ba shi lamba don kada wani ya kwaikwaya ya ce nasa ne. Da ita za mu san sunan abin, da shekararsa, da mai shi."

Bai tashi ɗauko kundin lambobin rajista nan take ba. Hannuwansa, da ke rawa lokacin da ya ɗaga kofi, yanzu sun tsaya cak. Babban yatsansa ya zagaya ƙarƙashin bakin abin, ya danna wani wuri da ido ba ya gani, marfi ya buɗe. A ciki akwai ɗan ƙwallon ƙarfe, kamar na cikin ƙafar keke. Ya karkata abin, ƙwallon ya gangara, ya toshe bututun, ƙat.

Ya sake. Ƙat. Ya kuma sake.

"Na risho ne," ya ce a hankali. "In ya kife, wannan ya datse mai, wuta ta mutu kafin ta kama tabarma. Kai, mutumin nan ya san aiki. Kuma ba don neman suna ya yi ba. Wanda ya zauna ya ƙera irin wannan, akwai wanda ya taɓa ƙone masa."

Ta ja hannun rigarta ya sauko har wuyan hannu, ya rufe tsohon tabon ƙuna. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Babu komai, kamar hannun da aka kwana a kansa.

Kundin yana saman kanta, mai baƙin bango, kauri kamar bulo. Ita ta sauko masa da shi. Da ya ajiye shi, kundin ya buɗe da kansa kusa da tsakiya, inda ɗinkin ya saki. Ya bi layi da yatsa, yana furta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ga zanen, ga bututun, ga ƙwallon. Shekara hamsin da ɗaya ke nan.

Yatsan ya sauko layin ƙarshe, inda sunan mai ƙirƙira yake.

Ta matso kusa.

Ya karanta a fili. Ya kawo gilashin, ya sake karantawa, leɓɓansa suna motsi. Ya tsura wa sunan ido, har ƙudan ya tashi ya dawo.

"A'a," ya ce. "Ban san shi ba. Amma ki riƙe abin nan da kyau, baiwar Allah, ba a yin irinsa yanzu."

Ta gode masa, ta naɗe tagullar a tsummanta. Kafin ta kai ƙofa ya koma kan rediyonsa.

Yayanta yana tsaye a bayan ƙofar, riƙe da ƙwayoyin maganin safe a cikin murfin kwalba. Shi ne ya ji likita ya ce aikin hannun mutum shi ne abu na ƙarshe da ke barin ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa suka kwashe sati biyu suna tonon akwatuna. Ya zuba mata ido.

Ta miƙa masa ƙunshin.

"Yaya, Baba ya karanta sunansa sau biyu, ya ce bai san mutumin ba."