Sallama a Bakin Kogo

Tun da aka yi dokar cewa unguwa ba ta samun ruwan famfo sai mutanenta sun kashe Dodon Kogo a wasan intanet, kowa da ranarsa. Hular wasan kuwa, in ka sa ta, ba ta ciruwa sai an yi nasara.

Yau Sallau ne jagora, kuma sabuwar shigar da aka ba shi ya koya wa wasan surukarsa ce, Inna Dije. Kansa a sunkuye ya nuna mata riƙon garkuwa.

"Inna, in mun kai ƙofa shiru ake yi. Barci yake."

"To, ɗan nan."

Suna isa ta gyara murya. "Salamu alaikum, masu gida!"

Dodon ya farka, wuta ta cinye su, wasa ya koma farko. Haka aka yi ta fama har azahar ta wuce. Sauran 'yan wasan sai tsaki suke yi. Wuyan Sallau ya ƙage, yana jiyo kukan jaririyarsa daga wajen hular. Amma wa ke ɗaga wa suruka murya?

"Inna, don Allah, ba mutum ba ne fa."

"Ni dai ban taɓa faɗa wa gidan mutane babu sallama ba."

Suka koma, ta sake sallama. Wannan karon wuta ba ta fito ba.

"Wa alaikumus salam," in ji dodon, a gajiye. "Sallau, an kawo ruwan kuwa?"

Muryar Malam Jatau ce, wanda ya koya masa wasan, wanda tun bara hularsa ta ƙi ciruwa, ta ƙarƙashinta ake ɗura masa kunu.