Mbalo Ba Ta Cikin Kowane Lardi

Kwana na uku ke nan Ngaro Tolde yana zaune a bencin ofishin lafiya na Lardin Bedo, hularsa a kan gwiwa.

Amai da gudawa sun shiga ƙauyensu Mbalo da farkon damina. Ranar da ya baro gida an binne mutum goma sha ɗaya, matarsa Denemaji kuma ta fara ciwon ciki. Dattawa suka ce shi zai tafi, domin shi kaɗai ya taɓa aikin gwamnati a birni, ya san yadda ake magana da masu tebur.

Da aka kira shi, jami'in ya bi jerin ƙauyuka da yatsa har ƙasa, ya sake bi.

"Baba, babu Mbalo a nan. Ku 'yan Lardin Sarwa ne."

"Kogi yana bayanmu, ɗana. A wannan gaɓar muke."

"To ku gaya wa kogin. Motar magani jerin sunaye take bi, ba gaɓa ba."

Ƙasar Lomanji larduna tara gare ta, kowanne da gwamnansa da majalisarsa da motocin maganinsa, kuma direba bai isa ya tsallaka iyakar lardi ba. Mbalo kuwa ta daɗe ba ta ga kowa ba. Ba a taɓa zuwa ƙidaya ba, ba a taɓa kawo akwatin zaɓe ba. Ko lokacin yaƙin basasa, da sojoji suka riƙa kwashe samari ƙauye ƙauye, ba su leƙa can ba. Tsofaffi suka ce aljanin fadama ne ya rufe musu ido, har yau suna yanka masa farin zakara.

Ngaro ya hau motar auduga, ya wuni a kan buhuna, ya sauka a babban birnin Sarwa ƙafafunsa a kumbure.

Nan ma aka duba. Nan ma babu.

Ya nemi ganin Gwamna. Mai gadi ya dube shi tun daga takalmin roba har hula.

"Tsoho, Gwamna yana taro. In ya fito daga wannan zai shiga wani. Ka je ɗakin taswira, can ake tura irinku."

Bai tambayi hanya ba. Ya zaga bayan ginin, ya sauka matakala, ya tura ƙofa ta biyu.

Wata mata mai suna Madam Nelum ke kula da ɗakin. Tana cin soyayyen kifi a takarda, ta goge hannu ta saurare shi har ƙarshe. Ita ce ta farko da ta yi hakan.

"Yankin fadama, ko? Bari in nemo."

"Aljihun tebur na huɗu, daga ƙasa," in ji Ngaro.

Ta jawo, ta shimfiɗa babbar taswirar da aka raba larduna da ita shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ta sunkuya tana laluben kogin. Ngaro ya ɗora yatsa a wuri guda. Babu ɗigo, babu suna, sai 'yan zane-zanen ciyawa da ke nuna fadama.

"Mutum nawa ne a wajen nan?"

"Ɗari shida. Da na taho."

Madam Nelum ta ɗaga takardar wajen taga. Daidai wurin ta fi siranta, haske yana ratsa ta.

"Allah ya isa tsakaninku da wanda ya yi wannan zane! Yana zaune ƙarƙashin fanka, ya mayar da mutum ɗari shida ciyawa."



Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai rarrashi. Kafin a shigar da ƙauye cikin lardi sai majalisar Bedo ta yarda ba nata ba ne, majalisar Sarwa ta yarda nata ne, sannan a aika babban birnin ƙasa a buga hatimi. Majalisun biyu kuwa suna hutu, sai bayan girbi.

"'Yata, ba za su kai girbi ba."

"Na sani, Baba. Wallahi ko mai zanen ne ya taso daga kabari ya rantse kuskure ya yi, hanyar dai ita ce wannan."

Ta buɗe jakarta ta ba shi ƙunshi huɗu na gishiri da sukari da ta saya don 'ya'yanta. Ya karɓa da hannu biyu.

A tasha ya ci karo da Jimtolum, mai kwalekwalen ƙauyensu, wanda aka aiko ya neme shi. Jimtolum ya cire hula tun daga nesa.

"Nawa?" in ji Ngaro.

"Ashirin da shida."

"Denemaji?"

"Shekaranjiya ta rasu. Har ƙarshe tana ta tambaya ko ka ga Gwamna."

Ngaro ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Jimtolum ya tsuguna kusa da shi yana ba shi baki, yana cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, laifin na mutanen birni ne da ba su san zafin kowa ba.

Tsohon ya gyaɗa kai kawai. Bai iya gaya masa ba, kamar yadda bai taɓa gaya wa Denemaji ba, cewa ranar da sojoji suka aiko a kai musu taswirar don su san ƙauyukan da za su ɗebi samari, shi ne matashin ma'aikacin da ya kulle ƙofar ɗakin, ya sa reza ya kankare sunan garinsu.