Dambun Gidan Idi

Shekaranjiya aka jefi tagar ɗakina a Tasawa. Kowa na gani a hanya sai in ce shi ne. Ƙamshin wani dambun zogale kuma sai dawo mani yake.

Ina ƙarama a lakwal, wato makarantar boko, maƙwabcinmu Idi ya sare bishiyar bedin da muke addu'a a gindinta ran Lahadi. Mu kaɗai ne Kirista a unguwar. Da la'asar Inna ta zuba tuwo ta ce in kai gidansa, don mun saba ciyayya da su.

"Inna, bayan abin da ya yi?"

"Yesu ya ce mu ƙaunaci magabtanmu, bai ce sai sun shiryu ba. Ɗauki, ɗiyata."

Matar Idi ta amsa ba ko sannu. A gabana ta gutsuri loma ta jefa wa kaji, ta tsaya tana kallonsu. Da ta ga ba wadda ta faɗi, sai ta wanke kwanon ta ciko shi da dambu, tunda ba a maido kwanon ciyayya ba komai.

Na ajiye a gaban Inna. "Mu ma mu fara ba kaji."

"Ba kaji aka aiko wa ba."

Ta yi addu'a, ta sa hannu. Ni ban ci ba, bakinta kawai na zura wa ido har magariba. Ba abin da ya same ta. Amma har yau ban sani ba, yarda ta yi da su, ko ita ma tsoron take ji, ta haɗiye shi tare da dambun.